Igiyar Jan Mota Ta Kusa Taɓa Igiyar Aurena

Mai karatu, in ka taɓa aron motar suruki ka san yadda ake tuƙa ta, kamar wanda ya ɗauko kwandon ƙwai a ka. Ranar da za a kai ƙanwar maiɗakina gidan mijinta a Birnin Zariya, surukina da kansa ya miƙo mini makullin Toyota Camry ɗinsa a Kaduna, ya ce in kwashi gwaggwannin amarya. Muka shiga ta Ƙofar Doka lafiya lau, aka danƙa amana, aka sha koke-koke. A hanyar fitowa bayan isha'i, daidai shataletalen Babban Dodo, mota ta yi tari biyu ta mutu murus.

Nan da nan samarin unguwa suka taru, kowa na cewa a tura ta ta tashi. Suka yi ta turi har gumi ya jiƙa su, ko gezau. Ashe mota mai giya otomatik ba ta tashi da turi. Aka sa mata a wata bas suka wuce, ni kuwa na kwana a birni.

Da gari ya waye kunya ta hana ni buga wa Baba waya. Na ce a raina bari in kai ta wurin bakanikena a Kaduna a gyara a ɓoye, in mayar masa da abarsa kamar ba a yi ba. Na sami wani direba, muka ɗaura igiya, na sa giya a firi, wato harafin N, muka hau titi. Tafiyar wajen kilomita 80 ce, kuma mutumin nan yana sauri zai koma lodi, allura har tana taɓa 90. Muna wuce Jaji na fara jin wani ƙauri, na ɗauka daji ake ƙonawa.

Bakanike ya zaro ma'aunin man giya ya shinshina. Man da ya kamata a gan shi ja ya koma baƙi ƙirin. Ya dube ni ya ce, "Malam, abin da ya tsayar da motar nan famfon fetur ne, aikin awa guda. Amma giya kam kai ka kashe ta da hannunka."

Ga yadda ya warware mini. Cikin giyar otomatik akwai famfo mai watsa mai a kan haƙoran ƙarfe da faya-fayan kuloci, kuma inji ne ke juya famfon. In inji ya mutu, famfo ya tsaya. Amma tayoyin da ke haɗe da giya, muddin suna birgima a ƙasa, suna juya kayan ciki. Ka ga ke nan ƙarfe na gugar ƙarfe babu mai, kamar a ɗora tukunya a wuta ba ruwa. Firi ba ta hana wannan, inji kawai take rabawa da taya.

To yaya ya kamata in yi? Tambayar farko ita ce, waɗanne tayoyi ke jan motar? Camry da Corolla da Honda Accord da tayoyin gaba suke ja, saboda haka janwe zai ɗaga gaba, na baya su bi ƙasa, a saki birkin hannu. Tsofaffin Marsandi da na baya suke ja, sai a ɗaga baya, ko bakanike ya kwance farfela. Jif mai ja da ƙafa huɗu kuwa, kada ma a yi gardama, a ɗora ta kacokan a kan babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya. Wannan shi ya fi kwanciyar hankali ga kowace irin mota.

Na san za a ce janwe ba ya shiga lungunan birni, wasu ma Keke Napep da ƙyar yake ratsa su. Gaskiya ne. A nan sai a sa firi a tura da hannu, ko a ja a hankali zuwa bakin babban titi, ɗan wannan ba ya ɓarna. Littafin da ke zuwa da mota yana faɗin iyaka: wasu sun yarda da kilomita 30 a awa, wasu 50, na ɗan taƙin nisa, wasu kuma sun hana sam. Kada a kuskura a ja ta tana kan P, akwai ɗan ƙarfen da ke kulle giya, karyewa zai yi. A murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka, ba a bamba ba. Kuma wanda ke ciki ya sani, in inji ba ya aiki birki da sitiyari tauri suke yi. Ni sau biyu na kusa shigewa ƙarƙashin bas ɗin nan.

Kuɗin wata giyar ya lashe albashina na wata uku. Amma ba shi ya fi ci mini rai ba. Da maiɗakina ta ji, sai ta ce, "Baban Ummi, lalacewar mota ƙaddara ce. Ɓoyewar fa?" Kwana huɗu tana ajiye mini abinci ba ta zama.

Ran na biyar na je na durƙusa gaban Baba na zayyana masa komai. Ya yi shiru, can ya tashi ya buɗe aljihun gaban motar, ya ciro littafinta, yana nan cikin ledarsa. Ya ce, "Da ka kira ni, akwai bakaniken da na sani a Tudun Wada, ko kilomita 5 ba ku yi ba."