Bargo Daga Ƙyallayen Tela

Duk shekara idan hunturu ya kama a watan Disamba da Janairu, mukan ga yara a Panshekara da ƙauyukan kewaye suna kwana da zane ɗaya tak, ga tari ga majina. Da yawa cikin masaƙun Challawa da Sharada da Bompai sun rufe, mazan da ke aiki a cikinsu sun koma neman na abinci, kuɗin sabon bargo kuwa ba kowane gida ke da shi ba. Amma kowace rana teloli suna share ƙyallayen atamfa suna zubarwa. Da waɗannan ƙyallaye za mu iya ɗinka bargo mai ɗumi, ba tare da keken ɗinki ba.

Dabarar ita ce a yanka kowane ƙyalle da gefe shida daidai wa daida, kamar ɗakunan saƙar zuma. Irin wannan yanka yakan haɗu da ɗan'uwansa ba ya barin kafa. Matan Ingila sun daɗe suna wannan ɗinki tun ƙarni na 18, a Amurka kuma ya bazu lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930.

YADDA ZA MU YI MA'AUNI

Ma'auni shi ne uwar aikin. Mu sami kwali mai kauri ko gefen tsohuwar jarka. Mu aro kamfas na ɗan makaranta, mu buɗe shi inci 2, mu zana da'ira. Kada mu taɓa buɗin. Mu dasa tsininsa a kan layin da'irar mu yi alama, mu matsa kan alamar mu sake yin wata, har sau shida. Sai mu haɗa alamun da rula mu yanke. Wannan shi ne ƙaramin ma'auni, na yanka takarda. Sa'an nan mu yi na biyu wanda ya fi shi da rabin inci a kowane gefe, na yanka ƙyalle.

A nan ne ake bukatar haƙuri. Idan ma'auni ya karkace ko da kaɗan, kuskuren zai bi kowane yanka, bargon kuma zai tattare ya ƙi shimfiɗuwa. Idan bakin kwalin ya cinye, a yi sabo.

YADDA ZA MU ƊINKA

Da fari mu wanke ƙyallayen, domin wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke. Mu haɗa masu kauri ɗaya, atamfa da atamfa. Kada a sa leshi a ciki. Mu ɗora takarda a tsakiyar bayan ƙyalle, mu naɗo gefen a kanta, mu kama da manyan ɗinki. Bayan haka mu haɗa biyu fuska da fuska, mu ɗinke gefe ɗaya da ƙananan ɗinki, allura kada ta huda takardar. Ɗaya a tsakiya da shida kewaye da shi sun zama fure guda. Idan an gama haɗa furanni, sai a warware manyan ɗinkin a zare takardun.

Bargon yaro mai faɗin yadi 1 da tsawon yadi 1 da rabi zai ci yanka wajen 190. Wadda ta ɗinka bakwai a rana za ta gama cikin wata guda. Daga nan sai a shimfiɗa tsohon bargo ko zannuwa biyu a ƙarƙashi, a rufe bayan da zane mai kyau, a ɗaure da zare nan da can, a kalmashe baki.

Da yayyafi kogi kan cika. Muna roƙon ƙungiyoyin mata su je wurin telolin unguwa tun da damina su nemi a riƙa ajiye masu ƙyallaye, musamman gab da salla da Kirsimeti lokacin da ɗinki ya yi yawa. Mace ɗaya ta yi ma'auni, sauran su kwafa daga nata, domin furannin kowa su haɗu.