Darasin Japan ga ƙasar Kurfai: Wa zai rubuta tarihin da ke bakin tsofaffi?

Idan aka ambaci Japan a kasuwar Lahadi ta Filinge, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne Toyota ko babur ɗin Yamaha, ko kuwa rediyon nan da tsofaffi ba sa rabuwa da shi. Ba kowa ya san cewa ƙasar da ta ƙera waɗannan kaya ta shafe fiye da shekara 1,300 tana tattara tarihinta daga bakin mahaddata da mawaƙa da tsofaffin ƙauye ba, har abin ya zama fannin ilimi mai zaman kansa da ake karantarwa a jami'o'in duniya. Ga mutanen Kurfai, waɗanda galibin tarihinsu ke ajiye a ƙirjin dattawa, akwai abin dubawa a nan.

Daga baki zuwa takarda

Littafi mafi tsufa da Japanawa suka mallaka a yau shi ne Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712. Asalinsa hadda ce. Wani mai suna Hieda no Are ne ya riƙe jerin sarakuna da labaran farkon ƙasar a ka, sai sarauniya Genmei ta umarci wani malamin fada, O no Yasumaro, ya zauna ya rubuta abin da mahaddacin ke faɗa. Bayan shekara takwas, a 720, aka fito da na biyu, Nihon Shoki.

Haka abin ya kasance ga labarin Heike, wanda ke ba da tarihin yaƙin da aka gwabza tsakanin gidan Taira da gidan Minamoto daga 1180 zuwa 1185. Makafin mawaƙa ne suka riƙa yawo da shi gari-gari, suna rerawa suna kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira biwa, wanda ya yi kama da molo. A 1371 wani babba a cikinsu mai suna Kakuichi ya ga tsufa ya cim masa, ya sa aka rubuta nasa karatun don kada almajiransa su saɓa bayan ransa. Wannan rubutu shi ne aka fi karantawa har gobe.

Mutanen ƙauye ma ba a bar su a baya ba. A 1910 wani ma'aikacin gwamnati, Yanagita Kunio, ya buga labarai 119 na aljanu da dodanni da al'adun manoma, waɗanda ya ji daga bakin wani matashi ɗan garin Tono. Kwafi 350 kacal ya buga, amma daga wannan ɗan littafi ne nazarin al'adun talakawa ya kafu a Japan.

Rubutawa kaɗai ba ta isa ba

Bayan shekara dubu, Japanawa kansu sun kasa karanta Kojiki saboda tsufan harshensa. Wani likita, Motoori Norinaga, ya shafe kusan shekara 35 yana yi masa sharhi kalma bayan kalma, ya kammala a 1798 cikin juzu'i 44.

Sai dai aikin ya zo da nasa haɗarin. Daga baya masu mulki sun ɗauki labaran littafin suka mayar da su hujjar cewa sarkin Japan jikan alloli ne, ba a ja da shi. Masanin tarihi Tsuda Sokichi, wanda ya nuna cewa fada ce ta tsara da yawa daga labaran don ta ƙarfafa mulkinta, an haramta littattafansa a 1940, aka kuma yanke masa hukunci a 1942. Bayan yaƙin duniya na biyu ne hanyarsa ta tantance labari ta samu gindin zama. A 1950 ƙasar ta yi dokar kare kayan tarihi da al'adu, kuma tun daga 1955 gwamnati ke zaɓen gwanayen makaɗa da masaƙa da maƙera da magina tukwane tana karrama su, daga baya har ta yanka masu tallafin kuɗi na shekara-shekara domin su koyar da na baya.

Sun zo sun karance mu

Masanan Japan ba su tsaya a kan ƙasarsu ba. A 1964 aka buɗe cibiyar nazarin harsuna da al'adun Asiya da Afirka a Tokyo. A nan Farfesa Shuji Matsushita ya yi aikinsa kan Hausa, ya wallafa bincike kan harshen Gwandara a 1972, daga baya ya sa ƙamusun Bargery na 1934 a kwamfuta. Kawada Junzo kuwa ya zauna cikin Mosawa a Burkina Faso, inda ya nazarci yadda makaɗan fada ke ba da jerin sarakuna da ganga, ya fitar da littafi a 1976 kan yadda ake gano tarihin al'ummar da ba ta ajiye shi a rubuce ba.

Na kusa da gida shi ne Oyama Shuichi na Jami'ar Kyoto, wanda tun shekarar 2000 ya fara zama da manoma Hausawa a yankin Dogon Dutsi. Daga wurinsu ya koyi dabarar zuba shara a kan faƙo, gara ta shiga ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanya, ciyawa ta dawo. Abin da talaka ke yi don ya ci tuwo, baƙo ya mayar da shi littafi.

To ina Kurfai?

Ƙasar Kurfai, wadda ke cikin kwarin Dallol Bosso a arewa maso gabashin Yamai, ba ta rasa abin rubutawa ba. Misali ɗaya ya isa. A wajajen 1925, a ƙauyen Cikal, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fito da wani sabon salon bori da Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka, inda iskokin ke kwaikwayon sojoji da hafsoshin Faransa. Mabiyan sun bijire wa sarkin da Turawa ke mara wa baya, Gado Namalaya. Wani jami'in Faransa mai suna Crocicchia ya sa aka kama su aka kai Yamai aka tsare, sai ga shi shi ma ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamanda Mugu.

'Yan ci-rani suka tafi da abin har Ankara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. Finn Fuglestad, ɗan ƙasar Norwe, ya yi rubutu a kai a 1975, Ba'amurke Paul Stoller ya fitar da littafi a 1995. Ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka suna karanta labarin Shibo da Faransanci da Ingilishi, yaron da aka haifa a Cikal kuwa da wuya ya same shi a rubuce da harshen da ya tashi da shi.

Wani zai ce me ya haɗa Musulmi da tonon zancen bori? Amsa ita ce nazari daban, bi daban. Wanda ya rubuta yadda kakanninsa suka tunkari harajin Bature da aikin tilas, tarihi ya adana. Haka ma labarin da ake bayarwa cewa asalin Kurfayawa daga Kurfi ta ƙasar Katsina ne, yana buƙatar wanda zai ji ta bakin fada, ya ji ta bakin talakawa, ya ji ta bakin Zabarmawa da Buzaye da Fulani maƙwabta, sannan ya auna, kamar yadda Tsuda ya yi.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tushenta ya faro a 1968 don tattara tarihin baka, akwai kuma cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni. Wayar hannu ta yau ta fi na'urar da Rouch ya yi yawo da ita iya ɗaukar murya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci. Waɗanda suka ga zamanin Shibo da idonsu sun ƙare, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu sun tsufa, ga kuma rashin tsaron da ya addabi jihar Tilaberi a 'yan shekarun nan ya raba iyalai da dama da ƙauyukansu. Dattijon da ya yi gudun hijira yakan bar rumbu da gona, amma tarihi yana tafe da shi, kuma ranar da aka rufe shi an rufe da shi.

Malaman makaranta da ɗalibai 'yan asalin Filinge da Cikal da Tukunus ba sai sun jira wani ya taso daga Kyoto ba. Kowane ɗalibi da zai je hutu gida yana iya zama da kakansa na awa guda, ya ɗauki muryarsa, ya rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka yi hirar, ya kai kwafi inda za a adana. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.