Matsayin Hular Rabon Gidaje a Labaran Harry Potter

Gabatarwa

A yawancin labaran yara, aikin kayan sihiri, kamar zobe ko laya ko sanda, shi ne fid da tauraro daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wannan maƙala za ta duba wani abin sihiri wanda aikinsa ya wuce haka, wato hular da ke raba ɗalibai gida-gida a littattafai 7 na Harry Potter, waɗanda marubuciyar nan 'yar Birtaniya, J. K. Rowling, ta wallafa daga 1997 zuwa 2007.

Aikin Hular

Makarantar Hogwarts ta kwana ce, tana da gidaje 4: Gryffindor na jarumai, Ravenclaw na masu basira, Hufflepuff na masu riƙon amana da ƙwazo, sai Slytherin na masu wayo da dogon buri. Wannan tsari na makarantun kwana ne na Ingila, irin wanda makarantun sakandare na Nijeriya suka gada. Bambancin shi ne, a nan wata tsohuwar hula mai faci ce ke yin rabon. Akan ɗora ta bisa kan yaro ɗan shekara 11 a darensa na farko, ta karanta zuciyarsa, sa'an nan ta faɗi gidansa a gaban jama'a. Daga ranar, abokansa da abokan hamayyarsa sun tabbata.

Hukunci da Zaɓi

Idan aka tsaya nan, sai a ɗauka hular ƙaddara ce wadda ba a ja da ita. Amma labarin ya nuna akasin haka. A littafi na 1, hular ta ga Harry zai dace da Slytherin, shi kuwa ya roƙa a ransa kada a kai shi can, sai ta tura shi Gryffindor. A littafi na 2 (1998), sa'ad da shakka ta kama shi game da gidansa, ya zaro takobin Godric Gryffindor daga cikin hular yana tsakiyar yaƙi da wani ƙaton maciji. Shugaban makarantar, Dumbledore, ya fahimtar da shi cewa zaɓin mutum ke nuna ko shi wane ne, fiye da baiwarsa.

Haka nan Neville Longbottom, wanda ya faro a matsayin matsoraci, shi ne ya zaro takobin daga hular a littafi na 7. Peter Pettigrew kuwa, ɗan gidan jarumai ne, amma ya ci amanar iyayen Harry. Ke nan gida ba ya ba da hali. A littafi na 5 (2003) ma, hular da kanta ta gargaɗi ɗalibai game da illar rarrabuwar da take haddasawa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa marubuciyar ta yi amfani da hular don aza wata tambaya da ta shafi kowane malami: shin daidai ne a yanke wa yaro hukunci tun yana ɗanye? Laƙabin da aka liƙa wa ɗalibi ranar farko yakan bi shi shekara da shekaru, alhali aikinsa na gaba ne kaɗai zai gaskata laƙabin ko ya ƙaryata shi.