Danƙon bishiyar fayin: garkuwar daji da ta shiga cikin wayoyinmu

Idan aka sari bishiyar fayin, ba a daɗewa sai wani ruwa mai yauƙi, mai launin zuma, ya fara tsattsafowa daga bakin saran. Bayan 'yan kwanaki ya daskare, ya toshe raunin kamar yadda jini ke daskarewa a jikin mutum. Wannan bishiya mai ganye kamar allura 'yar asalin ƙasashen Turai, Asiya da Amurka ce, amma an dasa ta a Najeriya, a wurare irin su tsaunukan Jos da dajin Ngwo na jihar Enugu. Ko wanda bai taɓa ganinta ba yana riƙe da wani abu daga danƙonta, a takarda, a cingam, ko a cikin wayarsa.

Kada a ɗauka danƙon fayin ɗan'uwan ƙaro ne. Ƙaro na narkewa a ruwa domin asalinsa dangin sukari ne, shi kuwa wannan danƙo ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Abubuwa biyu ne suka haɗu a cikinsa. Na farko mai ne marar nauyi mai ƙamshi, wanda ake kira tarfantin, da ke bin iska ya tafi. Na biyu shi ne abin da ke saura bayan man ya ƙafe, wato rozin, kuma mafi yawansa wasu sinadarai ne da masana ke kira asid ɗin danƙo.

Shahararre a cikinsu shi ne abiyetik, sai 'yan'uwansa irin su fimarik da lebofimarik. Yawancinsu kayan gini ɗaya suke da shi: ƙwayar zarra 20 ta kabon, 30 ta haidirojin da 2 ta oksijin. Bambancinsu a tsarin jeri ne kawai, kamar magina da aka bai wa tubali iri ɗaya, kowa ya fitar da fasalin ɗakinsa. Jikin kowannensu zobba uku ne na kabon manne da juna, masu gudun ruwa, sai wani ɗan kai guda a gefe wanda shi ne ke aikin asid. A ɗanyen danƙo lebofimarik kan yi yawa, amma da ya ji zafin wuta sai ya sauya jeri ya koma abiyetik. Leopold Ruzicka, wanda ya yi aiki a Zurich ta ƙasar Suwizalan kuma ya samu kyautar Nobel a 1939, na cikin waɗanda suka warware tsarin wannan dangi na sinadarai.

Bishiyar ba don mu take yin danƙon ba, makaminta ne. Idan ƙwaro mai huda ɓawo ya kutsa, man tarfantin ne ke kwaso asid ɗin zuwa bakin ramin, ya tura ƙwaron waje ko ya binne shi da ransa, sannan ya hana ƙwayoyin cuta shiga. Sai dai fari na raunana wannan garkuwa, domin bishiyar da ke jin ƙishi ba ta iya fitar da danƙo da ƙarfi. A lardin British Columbia na Kanada, wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya halaka dazuzzukan fayin na miliyoyin hekta tun daga ƙarshen shekarun 1990, bayan sanyin hunturu da ke rage yawansa ya yi sauƙi.

Tun zamanin da ɗan'adam ya gane amfanin abin da ba ya jiƙa. Masu jiragen ruwa na katako da kwaltar fayin suke toshe kafofi, har jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta yi suna da wannan sana'a. A 1807 wani Bajamushe, Moritz Illig, ya bayyana dabarar haɗa rozin da alif a cikin ɓawon takarda don kada tawada ta nashe. Dabarar ta sauƙaƙa farashin takarda, amma ta bar baya da ƙura: alif ɗin na haifar da tsami da ke cin takardar sannu a hankali, abin da ya sa littattafai da yawa na ƙarni na 19 da na 20 ke rugurgujewa a ɗakunan karatu, alhali waɗanda suka girme su na nan garau. A yau Sin, Barazil da Indonesiya ne kan gaba wajen tatsar danƙon, wani kason kuma daga masana'antun takarda ake tace shi.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne teburin mai gyaran waya, a Farm Centre ta Kano ko kasuwannin wayoyi na Abuja. Zaren dalmar da ake liƙa wayoyin lantarki da shi yawanci da rozin a cikinsa. Jan ƙarfe kan yi wata siririyar tsatsa da ke hana dalma kamawa. Idan rozin ya narke, asid ɗin sai ya farka ya cinye tsatsar, dalma ta kwanta lafiya. Da ya huce kuma sai ya koma tauri, ba ya ɗaukar wuta, ba ya cin ƙarfen. Asid mai aiki da zafi ya kwanta da sanyi, wannan ita ce baiwarsa.

To amma farin hayaƙin nan mai ƙamshi da ke tashi daga bakin ƙarfen, da yawa na ɗauka na dalma ne, alhali rozin ne ke ƙonewa. Likitocin lafiyar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa shaƙarsa kullum na jawo asma, kuma a Birtaniya yana cikin sanannun musabbaban asmar wurin aiki, har an ƙayyade adadin da ya halatta ma'aikaci ya shaƙa. Da zarar jiki ya ƙyamaci hayaƙin, kaɗan ma kan tayar da ciwon. Haka nan idan abiyetik ya daɗe a iska yana sauyawa zuwa sinadaran da ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, kamar yadda ake gani a wurin da aka manna filasta.

Matasa ne suka fi yawa a wannan sana'a, suna sunkuye kan allon waya daga safe zuwa dare a shaguna marasa taga. Kariyar ba ta da tsada: kada a sa fuska daidai saman ƙarfen, a ajiye ƙaramar fanka mai janye hayaƙin zuwa waje, kada a zafafa ƙarfen fiye da kima, a kuma wanke hannu kafin cin abinci saboda dalmar kanta guba ce. Wanda ya lura tari ko shessheƙa na damunsa a ranakun aiki, su lafa idan ya huta, ya je asibiti da wuri, kuma ya gaya wa likita irin sana'ar da yake yi.