Masu Neman Kasada a Hamada

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san duwatsun Birni. Manya-manya ne, sumul-sumul, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Yara sukan hau su. In yaro ya kai bisa ya leƙa ƙasa, sai gabansa ya faɗi, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri, bakinsa ya bushe. Amma in ya sauko lafiya, gobe ma sai ya koma. Haka nan ranar hawan ƙaho, sa'ad da ɗan mahauta ya tari bijimi gaba da gaba ya faɗa tsakanin ƙahoninsa. Shi yana jin tsoro, ƴan kallo suna jin tsoro, amma ba mai son ya tafi gida.

Me ke kawo wannan? A bisa kowace ƙoda ta mutum akwai wata ƴar tsoka ƙarama. In ido ya ga haɗari, ƙwaƙwalwa takan aika mata da saƙo, ita kuma sai ta zuba wani ruwa cikin jini. Likitoci suna kiransa adirenalin. Shi ke sa zuciya ta yi sauri, numfashi ya ƙaru, ƙwayar ido ta buɗe, hanta ta saki sukari cikin jini. Nan da nan jiki ya yi shirin gudu ko shirin faɗa. In haɗarin ya wuce, mutum yakan ji wani irin daɗi da sakewa. Wannan daɗin ne wasu mutane suke bi ƙasa-ƙasa suna nema da kuɗinsu.

Wasunsu sukan tafi tsibirai masu zafi da ke tsakiyar teku, kamar Madagaskar. Can sukan yi nutso ƙarƙashin ruwa da tulun iska a baya, ko su hau dutse da igiya, ko su diro daga kan tsauni da wata babbar laima. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, ba ta da tsibiri irin wannan. Abin da take da shi hamada ce. In ka bar Damagaram ka yi arewa, ka wuce Tanut, gonaki sukan ƙare, itatuwa su ragu. Wajen kilomita 450 daga nan sai Agadas. Gabas da Agadas kuwa sai Tenere, inda mutum zai yi kwana da kwanaki bai ga itace ba, bai ga gida ba, sai rairayi da sama.

Tun da daɗewa irin waɗannan baƙi suke ratsa ƙasarmu. A ƙarshen shekara ta 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasar, wasu Faransawa sun iso nan da motoci takwas na kamfanin Citroën. Motocin ba irin na yanzu ba ne. A gaba suna da taya, a baya kuwa wata ɗamara ce ta roba mai juyawa, don kada su nutse cikin rairayi. Daga Aljeriya suka taso ran 28 ga watan Oktoba, suka ƙetare Sahara, suka biyo ta Yamai. A cikinsu akwai mai ɗaukar silima da wani mai zane, mutumin Rasha, wanda ya zana hoton Sarkin Damagaram Barma Mustafa. Daga nan suka yi gabas wajen tafkin Cadi, suka ratsa Afirka, suka shiga jirgin ruwa. Ba su gama tafiyarsu ba sai a watan Yuni na 1925, a tsibirin Madagaskar. Kun ga ashe akwai hanya daga ƙofar fadar Damagaram har tsibirin teku, sai dai doguwa ce.

Bayan shekara hamsin da ƴan kai aka sami wani saurayi Bafaranshe, sunansa Thierry Sabine. A shekara ta 1977 yana tsere da babur, sai ya ɓace a arewacin Tenere. Ya yi ƴan kwanaki shi kaɗai, ruwansa ya ƙare, da ƙyar jirgin sama ya gano shi. Wani da ya sha wannan wuya ba zai sake waiwayar hamada ba. Shi kuwa sai ya koma gida ya shirya babban tsere daga Paris zuwa Dakar. Aka tashi ran 26 ga watan Disamba na 1978 da motoci da babura 182, aka biyo ta Agadas da Yamai. Guda 74 kawai suka isa Dakar.

A shekara ta 1983 tseren ya ratsa tsakiyar Tenere karo na fari. Sai guguwar rairayi ta taso. Wanda bai taɓa ganinta ba, ba zai gane ba. Sama takan yi ja, rana ta ɓace, direba ba ya ganin ko hancin motarsa, iska kuma ta shafe sawun waɗanda suka wuce gaba. Ƴan tsere wajen 40 suka ɓace. Sabine ya yi kwana huɗu yana yawo cikin jirgi mai saukar ungulu kafin ya tattaro su duka. Shi kansa irin wannan jirgi ne ya faɗi da shi a ƙasar Mali ran 14 ga watan Janairu na 1986.

Ku sani fa, ba ƴan tsere kaɗai ne wannan wasa ya ci ba. Motocin sukan ratsa ƙauyuka a guje, kuma a ƙasashen da suka bi sun kaɗe mutanen gari, har da yara masu kallo a bakin hanya. Ɗan tsere shi ya zaɓi kasada da kansa. Yaron da ya fito kallo bai zaɓi kome ba. An soke tseren shekara ta 2008 saboda rashin tsaro, aka mai da shi Amurka ta Kudu a 2009, daga baya kuma Saudiyya a 2020.

To, me ke kashe mutum a hamada? Ba zaki ba ne, ba kura ba. Ƙishirwa ce da ɓatan hanya. A watannin bazara zafi yakan wuce awo 45, mutum kuwa yana bukatar ruwa lita 8 ko 10 a yini. Da darin Janairu kuma sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa. Don haka direbobin hamada suna da dokokinsu. Mota ɗaya ba ta shiga ita kaɗai, sai biyu ko fiye. In an zo rairayi mai laushi, sai a rage iskar taya don ta baje, kada ta nutse. In ta nutse, sai a haƙa da shebur, a shimfiɗa mata faranti na ƙarfe ta hau. In mota ta mutu, ba a barinta a kama tafiyar ƙasa, gama mai nema daga sama ya fi saurin ganin mota bisa ga mutum. Babbar doka kuwa ita ce: ba a shiga ba jagora.

Jagoran nan ɗan ƙasa ne, Ba'abzine ko Batube. Wani daga cikinsu, Mano Dayak, ya yi suna har Turai. Ya buɗe kamfanin kai baƙi yawon hamada a Agadas, ya kuma taimaki masu shirya tseren Dakar. Ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1995, aka sa wa filin jirgin Agadas sunansa. A zamanin da baƙi suke zuwa da yawa, direbobi da masu dafa abinci da masu raƙuma da maƙeran azurfa duk sun sami abin yi. Tawayen shekarun 1990, da na 2007, da satar baƙi da ta biyo baya, su suka karya wannan sana'a.

Amma ina jagora ya koyi hanya? Wajen ayari ya koya. Tun kafin a ƙera mota, Abzinawa suke ƙetare Tenere da raƙuma zuwa Fashi da Balma, tafiyar fiye da kilomita 500. Sukan tashi bayan damina, in zafi ya sauka. Suna kai hatsi, su ɗauko dabino da kantun gishiri, irin wanda kuke gani a kasuwa ana saye don dabbobi. Daga baya su gangaro kudu da shi, Damargu da Damagaram har Kano. Shugaban ayari shi ne madugu. Ba shi da taswira. Da rana yana duba inuwa da yadda iska ta kwantar da rairayi, da dare yana duba taurari, kamar kaza da ƴaƴanta. Ayari ba ya tsayawa da rana. Bisa tafiya ake dama gari a sha, bisa tafiya ake dafa shayi, gama an ƙidaya ruwan salka da harawar raƙuma daidai kwanakin hanya. In madugu ya kauce kaɗan ya wuce rijiya bai gan ta ba, rayukan mutane da na raƙuma duk suna wuyansa. Abin da baƙo yake biya don ya ɗanɗana na mako guda, shi ne aikin da ɗan ayari yake ci da iyalinsa kowace shekara.

A jiharmu ta Damagaram ma akwai irin wannan hanya. In ka bi gabas zuwa Gure, ka yi arewa ka wuce Taskar, sai duwatsun Tarmit, baƙaƙe, tsaye a tsakiyar rairayi. A shekara ta 2012 gwamnati ta keɓe wurin, da hamadar Tin-Tumma da ke kusa, don kare namun daji. Akwai barewa, akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa suke kira adaks, wadda ta kusa ƙarewa a duniya. Daga wannan yanki ne matan Tubawa suke ɗaura wa raƙuma kaya lokacin nunar dabino, su nufi Balma. Su ke jan ayarinsu da kansu, tare da ƴaƴansu. Suna ƙidaya tuddan rairayi ɗaya bayan ɗaya don su san inda rijiya take, yarinya kuma tana bayan uwarta tana koyon ƙidayar.