Hawan Jini a Biranenmu: Abin da Ke Faruwa a Bangon Jijiya

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya kusan biliyan 1.28 ne ke fama da hawan jini. A Kano, Kaduna ko Maraɗi, ciwon da a da ake yi wa kallon na dattawa da masu hali yanzu yana kama 'yan shekara arba'in. An fi ɗora laifin a kan gishiri, gado da damuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato iskar nan da jijiya ke haɗawa da kanta, nitrik oksaid.

Kowace jijiyar jini tana da siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta a cikinta. Duk lokacin da jini ya ƙara gudu ya goge ta, sai ta ɗauki sinadarin arjinin, ta haɗa shi da iskar oksijin, ta fitar da nitrik oksaid. Iskar tana ratsawa zuwa tsokar da ta zagaye jijiyar, tsokar ta saki, hanya ta buɗe, matsin jini ya sauka. Tana kuma hana jini yin guda-guda. Cikin 'yan daƙiƙu take lalacewa, don haka dole jiki ya riƙa haɗa sabuwa ba dare ba rana. Robert Furchgott ne ya gano alamarta a 1980 a jijiyar zomo, kuma a 1998 shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan bincike.

To, me rayuwar birni ta sauya? Mutumin da a da yake taka sayyada zuwa gona ko kasuwa yanzu daga ƙofar gida yake hawa babur ko adaidaita, ya wuni zaune a shago. Jinin da ba ya gudu ba ya zaburar da shimfiɗar. Hayaƙin taba da shisha, yawan sukari a jini da ƙiba suna haifar da sinadarai masu cinye iskar tun kafin ta isa tsoka. Dunƙulen ɗanɗano ya yawaita a tukunya, alhali ganye irin su alayyafo da latas, masu naitiret da ƙwayoyin bakteriya na baki ke fara sarrafawa jiki ya sami ƙarin iskar, ba kullum ake cin su ba.

Sakamakon ba ya tsayawa a kan hawan jini kaɗai. Jijiyar da ta daɗe a ƙage takan taurare, kitse ya manne mata, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, lalacewar ƙoda, ko raunin mazakuta. Masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna da nasu ƙarin nauyin, domin jajayen ƙwayoyin jininsu da ke fashewa suna zubar da sinadarin da ke shanye iskar.

Ba a sayen wannan iska a kemis. Tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, gishiri ƙasa da giram 5 a rana, barin taba da cin ganye suna taimaka wa jijiya, amma ba sa maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Mai karatu, hawan jini ba ya sallama. Je ka a auna ka.