Kafin Ka Kawo Teku Cikin Falonka

Makonni uku da suka wuce wani tsohon ɗalibina, wanda Allah Ya buɗa wa a harkar kasuwanci, ya aiko mini da hoton wani tankin gilashi da ya gani a wani otel a Dubai. Ga kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawo a tsakanin rassan murjani. A ƙasan hoton ya rubuta: "Malam, irin wannan nake so a falona. Wane kifi zan fara saya?" Na mayar masa da tambaya: "Awa nawa kuke samun wuta a unguwarku?" Ya ɗauka zolaya nake yi. Wannan rubutu cikon amsar ce, gare shi da kuma duk mai irin burinsa.

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, amma a wuyan amarya ya san shi. Jan murjanin ado daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ɗaukarsa dutse. Alhali dabba ce. Ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune jingim wuri guda, suna gina wa kansu ƙashi da sinadarin kalsiyam da suke tsotsa daga ruwa. Irin da ake kiwo a gida, wato na tekuna masu ɗumi, yana ɗauke da wasu mitsi-mitsin tsirrai a cikin namansa. Su ne ke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da mai masaukinsu. Idan zafin ruwa ya haura iyakar da aka saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai murjani ya kori baƙin nan, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ta faru a tekuna da dama a 1998, ta sake faruwa a babban tudun murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. To, idan teku da girmansa ya kasa kare murjani daga ɗan canjin zafi, ina ga lita 200 a falon mutum?

Ban koyi wannan darasi a araha ba. Lokacin da nake karatun digiri na uku a Malesiya na fara kiwon, a ɗan tanki mai cin lita 60, kuma shekara uku ban yi asarar komai ba. Na dawo gida ina ganin na ƙware. Na haɗa tanki mai lita 200, na zuba mafi yawan kuɗina a kan gilashi mai kyau da fitila mai tsada, na bar zancen wuta a hannun ƙaramin janareta. A wata bazara, cikin Afrilu, na yi tafiyar kwana uku wajen taro. A daren farko taransifomar unguwarmu ta lalace, washegari janareta ya ƙi tashi. Da na dawo, wari ne ya tarbe ni tun daga ƙofa. Ruwa ya yi fari kamar an zuba madara, ma'aunin zafi yana nuna digiri 33. Murjanin da na yi shekara biyu ina reno ya saɓule daga ƙashinsa, kifaye biyu da 'yata ta raɗa wa suna suna kwance a ƙasa. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. Halittu ne da aka ɗauko daga wata duniya aka damƙa mini, na kashe su da rashin lissafi. A Malesiya ba gwanintata ce ta raya su ba, wutar da ba ta ɗaukewa ce.

Daga ranar na gane cewa duk na'urorin wannan kiwo aiki guda suke yi, wato hana ruwa sauyawa. Saboda haka jerin sayayya ya kamata ya bi tsarin abin da ya fi saurin kisa idan ya tsaya.

Na farko wuta. Idan injinan tura ruwa suka tsaya, iskar oksijin kan ƙare cikin 'yan awoyi, musamman lokacin zafi, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Murjani zai iya jure kwana biyu ko uku babu fitila, amma ba zai jure dare guda a ruwan da ya tsaya cik ba. Ga lissafin da na yi wa tankina na yanzu: injinan da ba a kashewa suna jan kimanin wat 50, wato wat-awa 1,200 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma idan irin na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha, in ana so ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya da ƙyar zai riƙe injinan kwana guda, ba a sa fitila da na'urar sanyaya ruwa a ciki ba. Wanda bai shirya sayen inbata da batura da faifan sola ba, bai shirya kiwon murjani ba. Janareta yana buƙatar mutum a kusa, ita kuwa wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Na biyu zafi. Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. Littattafan Turawa hita suke fara ambata, domin sanyi ne matsalarsu. Mu a nan zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, don haka na'urar sanyaya ruwa ce kan gaba, kuma ita ce ta fi kowace jan wuta. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, domin zafin da ta cire daga ruwa a ɗaki take zubar da shi. Fanka mai hura saman ruwa takan rage digiri 1 ko 2, amma ba ta isa a bazara. Hita ma ba a rasa ta, saboda dararen hunturu. Kada kuma a kafa tanki a jikin taga inda rana ke dukansa.

Na uku ruwa. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse da na 'yan garuwa, har ma da na leda da muke sha, duk suna iya ɗaukar sinadaran da ba sa cutar da mutum amma suna cutar da murjani, ko su haifar da gansakuka ta rufe komai. Abin da ake buƙata shi ne matatar da ake kira RO/DI, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, sannan ta tsince ragowar sinadaran, tare da ɗan ma'auni da zai nuna sifili idan ruwan ya tsarkaka. Matatar tana zubar da ruwa fiye da wanda take tacewa, sai a tara shi don wanki ko ban-ruwan shuka. A kuma kiyayi jan ƙarfe da tagulla. Kan famfo ɗaya na tagulla a hanyar ruwan ya isa ya kashe murjani da jatan lande a hankali, mai shi bai san dalili ba.

Na huɗu gishiri da ma'aunai. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, amma ba gishirin miya kaɗai ba ne. Akwai kalsiyam da magniziyam da wasu sinadarai da dama, don haka haɗaɗɗen gishirin da aka yi musamman don wannan kiwo ake saya. Tanki mai lita 200 zai ci kilo 7 zuwa 8 a cikawar farko, sannan duk mako ɗaya ko biyu a canza kashi 10 cikin 100 na ruwan. Kafin a fara, a tabbatar akwai hanyar samun gishirin a kai a kai, domin daga waje ake shigo da shi. A sayi ma'aunin gishiri mai madubi, wanda ake ɗiga ruwa a leƙa, ya fi na roba mai allura gaskiya. Abin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026. A tanadi kayan gwajin amoniya da naitiret da kalsiyam, wanda ake so ya tsaya tsakanin 400 da 450. Ga wani kuskure da sababbin shiga ke yawan yi: idan ruwa ya ragu saboda tururi, gishirin bai tafi ko'ina ba, don haka tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Da hunturu, lokacin da iska ke bushe ƙayau, tankina kan sha lita da yawa a yini. Wata 'yar na'ura mai ƙara ruwa da kanta tana ɗauke wa mutum wannan aiki, kuma ba ta da tsada.

Sai yanzu muka iso kan tankin kansa. Mutane na zaton ƙarami ya fi sauƙi, alhali akasin haka ne. Cokalin gishiri a ƙoƙo ba daidai yake da cokalin gishiri a randa ba, kuskure kaɗan a ƙaramin tanki nan take yake zama bala'i. Ga mai farawa, lita 150 zuwa 250 ya fi dacewa. A tuna kuma da nauyi: lita 200 da gilashi da duwatsu da yashi za su kusanci kilo 300, teburin falo ba zai ɗauka ba. Idan da hali a zaɓi wanda ke da ƙaramin tanki a ƙarƙashi, inda ake ɓoye na'urori, kuma yana ƙara yawan ruwan.

A can ƙasan ne ake sa na'urar kwashe datti. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Legas ya ga kumfar da igiyar ruwa ke tarawa a gaɓa. Dabarar ke nan: na'urar tana kaɗa ruwa da iska, dattin ya manne wa kumfa, ya taru a wani kofi a zubar. A cikin babban tankin kuma ana son ƙananan injina biyu masu kaɗa ruwa, domin murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ne ke kawo masa kuma ya kwashe masa ƙazanta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce injinan su juya aƙalla ninki 10 zuwa 20 na ruwan tankin a kowace awa. Biyu sun fi ɗaya, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Duwatsu masu ramuka su ne ainihin matata, a jikinsu bakteriya ke zama suna mayar da gubar amoniya ta zama naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6 tanki yana aiki babu kifi ko ɗaya. Babu na'urar da ke maye gurbin wannan jira.

Fitila, wadda na fara saya a wancan karo, ita ce kusan ta ƙarshe. Ta LED ta fi dacewa da mu, domin ba ta jan wuta sosai kuma ba ta dafa ruwa. A zaɓi mai rinjayen shuɗin haske, wadda ake iya rage ƙarfinta, a haɗa ta da agogon da zai kunna ta awa 8 zuwa 10 kullum. Murjani mai taushi ba ya buƙatar haske mai tsanani, kuma da shi ya kamata a fara.

Akwai magana ta ƙarshe da ba ta na'ura ba. Gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma ba ta da irin waɗannan tuddan murjani, saboda haka duk abin da zai shiga tankin daga nesa ya fito, galibi daga yankin Indonesiya da Filifin. A can an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanaid don sumar da kifi su kama shi da rai, gubar kuma tana kashe murjanin da ke wurin. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Murjani mai ƙashi yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke cikinta, don haka fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da takarda. Mai saye ya tambayi takardar, ya kuma fifita abin da aka haifa a gona. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna, ana ƙyanƙyasarsa a gonaki, kuma na gona ya fi jure zaman tanki. Duk wanda ya kashe tanki guda da sakaci sannan ya sake cika shi, ya jawo an sake ɗebo wasu daga teku.

Shawarar da na ba ɗalibina ita ce ya haɗa komai, ya cika tankin da ruwan gishiri da duwatsu kawai, ya bar shi ya ƙetare bazara guda yana rubuta zafin ruwan safe da yamma. Idan ya kai ƙarshen Mayu ma'auni bai taɓa wuce 27 ba, injina kuma ba su taɓa tsayawa ba, ya kira ni mu yi zancen kifi. Idan kuwa lissafin ya fi ƙarfin aljihu, kifayen ruwan daɗi suna da nasu kyau, kuma sun fi haƙuri da halin da muke ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jiya ya aiko mini da hoton faifan sola a kan rufin gidansa. Tankin bai iso ba tukuna.